Kafin Ku Ƙara Wa Kwamfutar Gida RAM: Shawarwari 15

A gidaje da dama yanzu kwamfuta ɗaya ce ke yi wa kowa hidima. Maigida ya yi lissafin shagonsa a kanta, uwargida ta tsara takardun makarantar da take koyarwa, yara kuma su yi atisayen jarrabawar JAMB da daddare. Ranar da ta fara nauyi, a danna abu sai an yi zaman jira, shawarar da ake fara ji daga 'yan uwa da abokai ita ce a ƙara mata RAM. Shawarar ba ta da laifi, domin sau da yawa ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi ta farfaɗo da kwamfutar da ta kwana biyu. Wurin saye ne ake tafka asara. Mutum ya je kasuwa ya ce a ba shi RAM mai gig 16, ya dawo gida ya tarar ko dai bai shiga gurbin ba, ko ya shiga amma kwamfutar ta ƙi tashi, ko ta tashi amma rabin abin da ya saya kawai take gani.

RAM ma'adana ce ta wucin gadi. Duk abin da aka buɗe a kwamfuta a kansa ake shimfiɗa shi muddin ana aiki, da zarar an kashe ta kuma ya koma fanko. Kamar teburin tela ne: ko da yadi ya cika shago, abin da teburin ya ɗauka kaɗai ake iya yankawa a lokaci guda, kuma idan teburin ƙarami ne sai an yi ta ɗauke wannan ana shimfiɗa wancan.

Kowace kwamfuta tana da iyakar da aka ƙera ta da ita, kuma abubuwa uku ne ke yanke wannan iyaka: babban allon da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira bod, sai furosesa, sai kuma babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Yawan kuɗin da ke aljihu ba ya ɗaga iyakar ko da taƙi ɗaya. Saboda haka kwamfutar za ku fara bincika kafin ku je wurin mai shago.

1. Ku tabbatar RAM ne ke jawo nauyin

Ku buɗe duk abubuwan da aka saba buɗewa a yini: burauza da shafukanta, Word ko Excel, da WhatsApp na kwamfuta. Sannan ku danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito. Ku shiga Performance, ku danna Memory. Idan abin da ake ci ya kai kashi 80 ko 90 cikin 100 ya zauna a can, RAM ya yi kaɗan, kuma ƙari zai yi amfani. Idan kuwa yana wajen rabi, amma layin Disk ne ya manne a kashi 100, laifin na tsohon faifan ajiya mai juyawa ne, wato HDD. Irin wannan kwamfutar ma'ajiya marar juyawa, wato SSD, take nema, kuma sauƙin da zai kawo ya fi na RAM nesa ba kusa ba. Zafi ma yana sa nauyi, domin idan ƙura ta toshe fanka, furosesa takan rage gudu don kare kanta.

2. Ku rubuta cikakken sunan kwamfutar

Cewa "HP ce" ko "Dell ce" bai isa ba, har cewa "EliteBook 840 ce" ma bai isa ba. EliteBook 840 G1 da G2 suna ɗaukar DDR3L ne, iyakarsu GB 16. EliteBook 840 G3 kuwa DDR4 take ɗauka, tana kaiwa GB 32. Suna ɗaya ne, amma RAM ɗin wannan ba ya shiga waccan. Haka Dell OptiPlex 3020 gurbi biyu gare ta, ita kuwa OptiPlex 9020 mai babban akwati tana da huɗu.

Cikakken sunan yana rubuce a ƙasan kwamfutar tafi-da-gidanka, ko ƙarƙashin batir, ko a gefen akwatin ta tebur. Idan rubutun ya goge, ku rubuta System Information a wurin bincike na Windows, za ku ga sunan kamfani da samfurin. Idan kwamfutar haɗa ta aka yi a shago, sunan bod ɗin za ku nema, kamar na Asus, Gigabyte ko MSI, tare da lambarsa. Da wannan sunan ne za ku samo takardar bayanin kamfani a intanet, kuma maganar wannan takardar ta fi ta kowa nauyi.

3. Ku duba ko RAM ɗin na cirewa ne

Kwamfutoci sirara da yawa ba su da gurbin RAM ko ɗaya. An narka shi da dalma a jikin bod tun daga masana'anta, abin da aka saye ta da shi kuma shi za ta rayu da shi. Haka MacBook Air take, haka MacBook Pro tun daga samfurin Retina na 2012, haka duk Mac mai furosesa M1 da ta fito a 2020 da waɗanda suka biyo bayanta. Jerin ThinkPad X1 Carbon na Lenovo ma haka ne, da yawancin Chromebook da ƙananan kwamfutoci masu araha.

Alama biyu ce za ta nuna muku. Idan takardar bayani ta ce LPDDR, kusan koyaushe a liƙe yake. Idan kuma Task Manager ya rubuta Row of chips a wurin siffar RAM ɗin, to babu abin cirewa. Akwai masu rabi da rabi: ThinkPad T480s tana da GB 4 ko 8 a liƙe, da gurbi ɗaya na ƙari, alhali 'yar uwarta T480 gurbi biyu gare ta cif. Wanda zai sayi kwamfutar hannu don gida ya kamata ya yi wannan tambayar tun kafin ya biya.

4. Ku ƙirga guraben da idonku

Task Manager yakan nuna adadin gurabe da waɗanda ke cike, misali 1 cikin 2. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna abin da ke cikin kowane gurbi a shafinta na SPD. Sai dai wani lokaci manhaja takan ce gurabe huɗu ne alhali biyu ne a zahiri, domin abin da aka rubuta mata a BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin bod, take karantowa. Mafi tabbaci shi ne a buɗe murfin a gani.

Wannan ƙirgar ita ce ke yanke abin da za ku saya. Kwamfuta mai GB 8 a fallen RAM ɗaya da gurbi guda a buɗe, falle ɗaya kawai take buƙata ta kai 16. Wadda take da GB 8 amma falle biyu ne na 4 da 4 sun cike guraben, sai an cire ɗaya ko duka kafin a ƙara. Kuɗin da za a kashe a hali na biyu ya fi na farko, ko da yake duka biyun daga GB 8 suka tashi.

5. Ku san zamanin RAM ɗin da take ɗauka

RAM hawa-hawa ne. DDR2 ya fito a wajen 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya shigo kwamfutocin gida a ƙarshen 2021. Babu wanda ke shiga gurbin wani. A ƙasan kowane falle, tsakanin haƙoran nan masu ruwan zinare, akwai ɗan giɓi, kuma wurin giɓin ya bambanta daga zamani zuwa zamani, da gangan aka yi haka. DDR4 da DDR5 na kwamfutar tebur duka haƙora 288 gare su, amma giɓinsu ba wuri ɗaya yake ba. Idan falle ya ƙi zama, kada a danna da ƙarfi. Gurbin da ya karye yana nufin gyaran bod, ko ma canza shi ɗungurungum.

Masu haɗa sabuwar kwamfutar tebur su lura: furosesar Intel ta zamani na 12 tana iya aiki da DDR4 ko DDR5, amma kowane bod nau'i ɗaya kawai yake ɗauka. A ɓangaren AMD, bod mai mazaunin AM4 na DDR4 ne, mai AM5 da ya fito a 2022 kuma DDR5 zalla.

6. Ku bambanta na tebur da na tafi-da-gidanka

Fallen kwamfutar tebur dogo ne, kusan santimita 13, ana kiransa DIMM. Na tafi-da-gidanka gajere ne, kusan santimita 7, ana kiransa SO-DIMM, kuma haƙoransa 204 ne a DDR3, 260 a DDR4, 262 a DDR5. Kada zaman kwamfuta a kan tebur ya ruɗe ku: 'yan ƙananan akwatuna irin OptiPlex Micro, da waɗanda aka haɗa komai a bayan allon kallo, galibi gajeren falle suke ɗauka.

7. Ku kula da harafin L a kan DDR3

Yawancin kwamfutocin hannu da ke shigo mana daga Turai da Amurka na zamanin DDR3 har yanzu suna aiki a gidaje, don haka wannan tarkon yana kama mutane sosai. DDR3 na asali yana aiki da bolt 1.5, DDR3L kuma da bolt 1.35. Siffarsu ɗaya, giɓinsu ɗaya, kowanne yana zama a gurbin ɗan uwansa daram. Amma kwamfutocin tafi-da-gidanka masu furosesar Intel ta zamani na 4 da na 5 galibi DDR3L suke buƙata, kuma idan aka sa musu na bolt 1.5 da yawansu ba sa tashi. Shi DDR3L yana jure duka ƙarfin wutar biyu, saboda haka yakan yi aiki a tsofaffin ma. A jikin takardar fallen za ku ga PC3 ko PC3L. Idan kuna shakka, ku ɗauki mai L.

8. Ku nemo iyaka biyu: ta jimilla da ta kowane gurbi

Takardar kamfani za ta faɗi jimillar da kwamfutar ke ɗauka. Ku raba wannan adadi da yawan gurabe, za ku sami abin da gurbi ɗaya ke iya karantawa. Kwamfuta mai iyakar GB 16 da gurbi biyu, kowane gurbi 8 yake ɗauka, kuma sayen falle ɗaya mai 16 da nufin barin ɗayan gurbin a buɗe yana iya ƙarewa da baƙin allo. A yawancin kwamfutocin DDR3, GB 8 ne mafi girma ga gurbi guda. Waɗanda suka fi tsufa ma 4 ne ko 2.

Furosesa ma tana da tata iyakar, domin sashen da ke sarrafa RAM a cikinta yake: AMD ta mayar da shi can tun 2003, Intel kuma daga 2008. Intel tana wallafa iyakar kowace furosesa a shafinta na intanet. Celeron N4000 da N4020, waɗanda ke cikin ƙananan kwamfutocin ɗalibai da yawa, GB 8 aka rubuta musu. Idan iyakar bod da ta furosesa suka saɓa, ƙaramar ce ke aiki.

Za ku ji masu gyara suna cewa wata kwamfutar tana ɗaukar fiye da abin da kamfani ya rubuta. Hakan na faruwa, musamman idan manyan fallaye sun fito bayan an buga takardar, wani lokaci kuma sabunta BIOS na taimakawa. Amma wannan sai an gwada a gabanku an ga ya yi, ba abin biya bisa alkawari ba ne.

9. Ku duba ko Windows ɗinku mai 32 ce ko mai 64

Manhajar Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da GB 4, a zahiri ma abin da ke zuwa hannu bai cika wuce 3 zuwa 3.5 ba. Ko kun sa mata 16, nan za ta tsaya. Ku shiga Settings, sai System, sai About, ku karanta layin System type. Komawa mai bit 64 yana buƙatar a loda Windows sabuwa fil, don haka sai an kwashe hotuna da takardun gida zuwa wani wuri tukuna.

Tsofaffin nau'o'i ma suna da nasu shingen: Windows 7 Starter GB 2 ce iyakarta, Home Basic 8, Home Premium 16. Windows 10 Home mai bit 64 tana kaiwa GB 128, abin da ya zarce buƙatar kowane gida. Windows 11 kuwa ba ta da mai bit 32 sam.

10. Ku koyi karanta takardar da ke jikin fallen

'Yar takardar da ke manne a jikin RAM ta faɗi komai. Ku ɗauki misalin 8GB 2Rx8 PC3L-12800S. GB 8 girmansa ne. PC3L na nufin DDR3L. Lambar 12800 na nuna saurinsa, wato 1600. Harafin S na ƙarshe kuma na nufin gajeren falle. Da U ne a wurin, da dogon falle ne na kwamfutar tebur. PC4 shi ne DDR4, PC5 shi ne DDR5.

Harafin da za ku guje wa shi ne R a ƙarshen lambar, kamar PC3-12800R. Wannan RAM ɗin manyan kwamfutocin kamfanoni ne da ake kira saba. Yakan shigo kasuwa da yawa idan aka wargaza irin waɗannan na'urori, farashinsa ƙasa, girmansa babba, kuma yana zama a gurbin kwamfutar tebur lafiya lau, amma ba za ta tashi da shi ba. Araha ba ta ado.

Rubutun 1Rx8 ko 2Rx8 kuma yana bayyana yadda aka jera ƙananan ƙwayoyin da ke jikin fallen. Kwamfutocin zamani ba su cika damuwa da shi ba. Tsofaffi, irin na zamanin Core 2 Duo, sukan kasa karanta falle mai ƙwayoyi kaɗan manya, su karɓi mai ƙwayoyi da yawa ƙanana ko da girmansu ɗaya ne. Ga irin waɗannan, ku nemi mai ƙwayoyi a fuska biyu.

11. Kada ku biya kuɗin saurin da ba za ku samu ba

RAM yana tafiya ne da saurin da bod da furosesa suka yarje masa. DDR4 mai saurin 3200 idan aka sa shi a EliteBook 840 G3 zai yi aiki, amma a 2133. Idan kuma aka haɗa falle biyu masu sauri daban, duka za su sauka zuwa na mai ƙarancin. Babu illa a nan, illa dai kada a caje ku ƙari a kan abin da kwamfutarku ba za ta mora ba.

Fallayen nan masu ado da fitilu na masu wasannin kwamfuta sau da yawa ba sa kai saurin da aka rubuta a kwalinsu sai an kunna wani tsari a BIOS, XMP a Intel ko EXPO a AMD. Yawancin kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo ba su da wannan zaɓin. Ga kwamfutar gida, falle na yau da kullum daga Samsung, SK hynix, Micron ko Kingston ya wadatar.

12. Falle biyu masu kama da juna sun fi guda ɗaya

Yawancin furosesoshi suna da hanya biyu ta zuwa RAM. Falle ɗaya hanya ɗaya yake buɗewa, biyu kuma su buɗe duka. Don haka 8 da 8 ya fi 16 tilo gudu, kuma bambancin ya fi fitowa a kwamfutocin da ba su da katin hoto na daban, waɗanda daga RAM ɗin suke ɗibar abin nuna hoto da bidiyo. Mafi kyau a sami biyun girma ɗaya, sauri ɗaya, kamfani ɗaya. Haɗa 4 da 8 yakan yi aiki a mafi yawan lokuta, a sami 12, kuma ya fi zama da 4 nesa. Idan kuna da niyyar ƙarawa nan gaba kuma gurbin yana ɗaukar 16, sayen tilo yanzu a bar wa ɗan uwansa wuri shi ma dabara ce.

A bod mai gurabe huɗu, inda aka sa falle biyu yana da muhimmanci. Idan aka jera su kusa da juna, sau da yawa hanya ɗaya suke hawa. Yawancin bod na zamani suna son gurbi na biyu da na huɗu idan aka ƙirgo daga wajen furosesa, tsofaffi kuma sukan bambanta guraben da launi. Takardar bod ɗin za ta faɗa.

13. Ku tafi kasuwa da kwamfutar

Akwai ƙwararrun masu wannan sana'a a Kano da Kaduna, da Banex Plaza a Abuja, da Computer Village a Ikeja. Duk inda za ku, ku ɗauki kwamfutar da cajarta. Idan ta tebur ce mai nauyi, ku ɗauki tsohon fallen ko hoton takardarsa, tare da sunan da kuka rubuta. A sa RAM ɗin a gabanku, a kunna, ku ga adadin da idonku a Task Manager ko CPU-Z. Takarda ana iya ɓare ta a manna wata, amma abin da kwamfutar ta karanto daga cikin fallen ya fi wuyar sauyawa.

Ku nemi rasit, ku yi magana a fili kan kwana nawa za a iya dawo da shi idan ya ba da matsala. RAM na hannu ba abin ƙi ba ne, domin ba shi da sassa masu motsi kuma yakan daɗe, ga DDR3 ma kusan shi ne ke kasuwa. Ku duba dai haƙoran kada su zama da ƙuna ko tsatsa. Tsohon fallen da aka cire kuma naku ne: ku karɓe shi, ko a rage muku kuɗinsa a ciniki.

14. Idan da kanku za ku sa, ku bi a hankali

A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a cire caja ko wayar wuta daga soket, a cire batir idan na cirewa ne. Idan na ciki ne, a zare 'yar wayarsa bayan buɗe murfi. Wasu ThinkPad suna da wurin kashe batirin ciki a BIOS. Sannan a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita.

Lokacin hunturu iska takan bushe, jiki ya tara wutar nan da ke ɗan tsikarar mutum idan ya taɓa ƙarfe. Ita kaɗai ta isa ta lalata RAM. Ku taɓa wani ƙarfe kafin ku taɓa cikin kwamfutar, kada ku yi aikin a kan kafet ko bargo, kuma ku riƙe fallen ta gefunansa, yatsa kada ya hau haƙoran.

A tafi-da-gidanka, a ɗan buɗa maƙalai biyu na gefe, tsohon zai ɗago da kansa. Sabon a daidaita giɓinsa, a zura shi a karkace har haƙoran su ɓuya, sannan a kwantar da shi har maƙalan su kama. A ta tebur, a buɗe maƙalan gurbin, a sa fallen a miƙe, a danna gefe da gefe har su rufe da kansu. A tara ƙananan sukurori a cikin murfi ko kofi, nesa da hannun yara. Kwamfutar da ke da garanti kuma a karanta sharuɗɗansa kafin a buɗe ta.

Idan aka kunna allo ya zauna baƙi, kada hankali ya tashi. DDR5 yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye a tashin farko yana daidaita kansa. Idan shiru ya yi yawa, ko kwamfutar tana ƙara, ko fitila tana ƙyaftawa, a kashe a sake zaunar da fallen, domin rashin zama sosai shi ne sanadin da aka fi samu. A gwada kowane falle shi kaɗai, a kowane gurbi, don a gane ko fallen ne ko gurbin. Ƙura a gurbi ko datti a haƙora ma na hana aiki: a hure gurbin da abin hura iska, a goge haƙoran a hankali da kilina mai tsabta.

Bayan ta tashi, ku gwada lafiyar RAM ɗin tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba. Windows tana da Windows Memory Diagnostic a cikinta, akwai kuma MemTest86 da ake kunnawa daga filasha. Kuskure ko ɗaya ne ya isa a mayar da fallen, domin RAM mai lahani yana kawo shuɗin allo da lalacewar takardu. Idan kun sa GB 8 kuka ga 7.8 ko kusa da haka, daidai ne, sashen hoto ne ya ɗebi rabonsa. Idan rabi kuka gani, ku koma kan shawara ta 8 da ta 9.

15. Ku auna buƙatar gida da shekarun kwamfutar

GB 4 shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 ke karɓa, kuma da ƙyar ake aiki da shi. GB 8 ya isa rubutu, lissafi, karatun yara da shiga intanet. GB 16 na wanda ke gyaran bidiyo, zanen gine-gine, ko buɗe shafuka barkatai a lokaci guda ne. Abin da ya wuce haka sai mai sana'ar da ta san dalilinsa, domin RAM ɗin da ba a cika shi ba ba ya ƙara gudu.

Shekarun na'urar ma abin dubawa ne. Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance, a ɓangaren Intel, tana neman furosesa ta zamani na 8 ko sama da haka, tare da sashen tsaro na TPM 2.0. Kwamfutar zamanin DDR3 ba ta cikin wannan jerin. Ƙara mata falle ɗaya na hannu da SSD don ta ƙara shekaru tana hidimar yara abu ne mai ma'ana, musamman idan za a sa mata babbar manhajar Linux mai sauƙin nauyi. Zuba mata kuɗin da ya kusa rabin farashin wata mafi sabunta kuwa ba riba ba ce, tunda RAM ɗinta ba zai bi ku zuwa sabuwar ba.

Bayan an gama, ku rubuta a takarda sunan kwamfutar, nau'in RAM ɗinta, yawan gurabenta, iyakarta da abin da ke ciki yanzu, ku ajiye tare da rasit. Duk wanda zai kai ta gyara nan gaba, ko ɗa ne ko ƙane, zai je da bayanin a hannu, kuma ranar da za a sayar da ita wannan takardar za ta taimaka wajen ciniki.